Butar Jikin Gwangwani

Ɗanyen ruwa ne ya kwantar da Sakina, kuma ubanta ne ya hana a tafasa shi. Shi kansa bai san haka ba sai da yarinyar ta kai bakin mutuwa.

Gado, uban nata, direba ne. Akori-kura yake ja, ya ɗauko albasa daga Aliero ya kawo Jega, wani lokaci ya zarce Maiyama inda uwarsa take. A safiyar nan lodi na jiransa a Aliero, yana tsaye a ƙofar gida yana zuba wa mota ruwa, sai matarsa Zinatu ta fito har zaure da yarinya a hannu, ko mayafi ba ta yafa daidai ba.

"Malam, dubi kanta."

Ya duba. Maɗigar yarinyar ta lotsa kamar an danna da babban yatsa, ido ya zurma. Kwana uku tana zawo tana kuka. Yau babu kukan, sai dai ta buɗe baki ta rufe. Watanta goma sha ɗaya a duniya.

Ba shiri aka yaye ta, mako uku da suka wuce, don Zinatu ta samu ciki. Yadda aka saba, kaka ake kai wa yaro ta yaye shi. Tasalla, uwar Gado, har ta aiko cewa ta tanadi gero da gyaɗa da tsamiya, a kawo mata. Gado ya ce ba za a kai ba, kuma yana da dalilinsa. Ɗansu na fari, Aliyu, can aka kai shi yaye, ƙyanda ta shiga garin, can aka binne shi. Ba laifin kowa ba ne, amma Gado ya rantse wannan ba ta barin gida.

Shekarar da aka ba da jihar Kebbi ya yi ta jigilar kayan ma'aikata daga Sakkwato zuwa Birnin Kebbi. A gidan wani daga cikinsu ya ga yaro ɓul-ɓul, wuya duk ninki, ana dama masa wani farin gari daga gwangwani. Abin ya zauna masa a rai. Da yayen Sakina ya zo sai ya nufi kantin Waliyyu a bakin kasuwar Jega.

"Wanga ba ruwanshi da wuta," in ji Waliyyu. "Ba jiƙo, ba niƙa, ba tata. Ruwa kawai, a dama a ba ta."

Gado bai yi boko ba, allon ma bai yi nisa ba. Amma yana da ido, kuma a bayan gwangwanin akwai hoto uku: buta, kwano, cokali. Me ya rage?

Ranar farko Zinatu ta tafasa ruwa ta sheƙa a kan garin yadda ake yi wa koko, sai ya dunƙule ya yi gudaji. Gado ya shigo ya tarar tana fama da shi.

"Ke komi sai kin kai shi ga wuta? An ce maki wanga ba koko ba ne. Ga buta nan an zana maki. Ruwan buta, irin na alwala, shi za ki sa."

Daga ranar ta koma ɗiba daga randa. Bazara ce, rijiyar unguwa ta ƙafe, 'yan ga-ruwa kuwa daga gulbi suke ɗebowa.

Suna tsaye a zauren sai ga Tasalla ta sauko daga kan mashin da ƙunshinta, don tun jiya aka aika mata. Ba ta amsa gaisuwa ba. Ta karɓi yarinyar, ta ja fatar cikinta ta saki, fatar ta tsaya a tsaye.

"Mi kunka yi mata?"

Ta juya ta dubi Zinatu.

"Ta sha ciki. Amariya, kin ba ɗiya nono kina da ciki, sannan kinka ɗora mata garin kanti awa marainiya. Hannunki ya karye ne da ba ki iya dama kunu?"

Shekara shida da aure, har yau Amariya take kiranta, duk gidan Maiyama ma haka. Zinatu ta sunkuyar da kai.

"Inna, a bar maganar nan," in ji Gado. "Ku shiga mota."

A asibiti layi ya kai ƙofa, amma da wata nas ta ga kan yarinyar sai ta tsallake da su. Malama Balaraba sunanta, doguwa, ba ta da fara'a, da ganinta tun jiya take tsaye. Ta nemi jijiya a hannu ta rasa, a ƙafa ta rasa, sai da ta aske gefen kai ta samu. Aka rataya ledar ƙarin ruwa.

"Me take ci?"

Zinatu ta kwance bakin mayafi ta fito da gwangwanin kamar mai fito da kayan sata.

"Ni ce, Malama. Kasalar ciki ta kama ni, surfe da niƙa suna ba ni wuya. Da anka kawo wanga sai na ji daɗi. Wallahi na ji daɗinshi. Ina zaune in dama in ba ta, ko murhu ban hurawa." Ta dubi yarinyar. "Ɗiyan kowa na shan kunun uwarsu, tawa na shan abin kanti."

"Kin ji ko," in ji Tasalla. "Da bakinta."

Aka kira Malama Balaraba wajen wani mara lafiya. Ta dai karɓi gwangwanin ta tafi da shi.

Gado ya zauna a baranda har azahar. Rana ta dake, kwanon rufin yana ƙara. Ya san albasar can ta Aliero an ba wani direba. Bai damu ba. Abin da yake ransa Waliyyu ne, da yadda zai shaƙe shi a gaban kantinsa. Da nas ɗin ta fito shan iska sai ya tare ta.

"Malama, hwaɗa mini gaskiya. Abin ga guba ne? In guba ne na san inda za ni yanzu."

"Ɗana ma shi ya sha," ta ce. "Da wane ruwa kuke damawa?"

"Ruwa dai."

Ta shiga ta ɗauko gwangwanin, ta juya bayansa, ta ɗora farce a kan hoton farko.

"Mene ne wannan?"

"Buta."

"Wannan da yake fita ta bakinta fa?"

Ya matso da ido. Wasu 'yan layuka ne guda uku, lanƙwasassu, a saman bakin butar. Ya sha ganinsu. Ado ya ɗauka.

"Tururi ne, Malam direba. Butar shayi ce, ba ta alwala ba. A tafasa ruwa, a bari ya huce, sannan a dama. Garin ne ba ya son wuta. Ruwan yana so."

Gado ya ɗago kai daga kan gwangwanin. Can ya ce, "Cikin fa? An ce ta sha ciki."

"Ciki bai yi mata komai ba. Ruwan gulbi kuka ɗura mata mako uku. Kununku na gida ma abin da ya sa ba ya kashe yara, da tafasasshen ruwa ake dama shi." Ta miƙa masa gwangwanin. "Ka gaya wa uwar ta daina ganda, tafasa ruwa ba aiki ba ne."

A nan ya kamata ya ce ba ita ba ce. Bai ce ba. Ya karɓi gwangwanin ya kai mota ya tura ƙarƙashin kujera.

Kwana uku suka yi. Yarinyar ta fara kuka a rana ta biyu, Tasalla ta ce alhamdu lillahi, ta aika aka damo kunun gyaɗa a gidan wata 'yar'uwarta a unguwar Jega Magaji, ta riƙa ba ta da ɗan ludayi. Ba ta bar Zinatu ta ba ta ko sau ɗaya ba. Zinatu tana zaune a tabarma a gindin gadon, ƙafafu a kumbure, carbi a hannu. Duk sanda Gado ya leƙo da abinci sai ya ji abin da take maimaitawa: Allah Ya yafe mini, Allah Ya yafe mini. Sai ya ajiye kwanon ya fita. Ya ce a ransa zai faɗi gaskiya in yarinyar ta farfaɗo. Da ta farfaɗo ya ce sai an sallame su. Mutum ne da ba ya tsoron ɗan sanda a hanya, ba ya tsoron 'yan kamasho, amma wannan magana ta ƙi fita.

Ranar sallama Tasalla ta karɓi zanen goyo daga hannun Zinatu, ta saɓa yarinyar a bayanta ta ɗaure.

"Maiyama munka nuhwa," ta ce.

Zinatu ta miƙe. Ta kwashe tabarma da kwanuka ta bi su.

Su uku a gaban mota, Tasalla a tsakiya ta juyo da yarinyar kan cinya. Da suka iso mararraba, inda hanyar gida ta rabu da ta Maiyama, Gado ya gangara gefe ya kashe mota. Wata tirela ta wuce tana danna masa oda. Ya sa hannu ƙarƙashin kujera ya jawo gwangwanin.

"Inna, ba ciki ba ne. Ba kuma ita ba ce. Ni ne."

Ya nuna musu butar, ya nuna tururin, ya faɗi abin da nas ta ce, bai rage komai ba. Yana magana yana kallon sitiyari.

Zinatu ta karɓi gwangwanin ta daɗe tana duban layukan nan uku.

"Ranar hwarko na tahwasa," ta ce.

"Na sani."

"Yaushe ta gaya maka?"

"Ranar da munka zo."

"Kwana uku kenan." Ba ta ɗaga murya ba. "Kana shigowa kana jina, Malam."

Ya juya wajen uwarsa.

"Tunda an gane, Inna, a bar mata ɗiyarta. Yanzu mun san yadda ake yi."

Tasalla ta gyara wa yarinyar hula a kan wurin da aka aske.

"Kai Gado, ai ƙara mini hujja ka yi. Da ina cewa uwar ce ba ta da kula, ashe har da uban. Kai ka hana a kawo mini ita don kana ganin ni na kashe maka Aliyu."

"Ban ce ba, Inna."

"Ba ka ce ba, amma duk Maiyama an ji. To ga taka dabarar, mun gani. Ita kuma wagga, namiji ya ce kar ki tahwasa ruwan ɗiyarki, ki ce to? Dubi ƙahwarta, ko kanta ba ta iya ɗauka ba. Tada mota. In yarinya ta yi ƙwari ku zo ku ɗauka."

Gado ya dubi Zinatu ko za ta yi magana. Ta ajiye gwangwanin a ƙasa tsakanin ƙafafunta, tana kallon waje. Wata mai tallan mangwaro ta matso taga, ta ga fuskokinsu, ta wuce. Ya tada mota ya ɗauki hanyar Maiyama.

A can ba su daɗe ba. Tasalla ta shimfiɗa yarinyar a gadonta, ta hura wuta, ta ɗora tukunya. Zinatu ta ajiye 'yan rigunan Sakina a kan faifai, ta tsaya a bakin ƙofa har sai da Gado ya yi oda sau biyu. A hanyar dawowa zanen goyon yana kan cinyarta, ta ninke shi, ta warware, ta sake ninkewa.

Yarinya ta yi ƙwari cikin wata biyu. Gado ya je ɗauka, Tasalla ta ce a bari Amariya ta sauka tukuna. Zinatu ta haifi namiji, aka ce a bari ta gama wanka. Ta gama, aka ce hannunta da ɗanyen goyo, ga damina, ga sauro. Bayan nan Tasalla ta daina ba da dalili, sai dai ta ce, "Wa zai miƙo mini buta in kun ɗauke ta?" Gado ya yi faɗa sau ɗaya, Tasalla ta yi kuka, dattawan gida suka taru a kansa, ya ba da haƙuri. Gwangwanin yana nan a mota, ƙusoshi da noti yake zubawa a ciki. Yayen ƙaramin da ya zo, a gida aka yi shi, da kunu, Gado da kansa yake tsayawa a kan tukunya sai ya ga ruwa na tafarfasa.

Da babbar salla ta shekara ta biyu suka je Maiyama gaba ɗayansu. Zinatu ta ɗinka wa Sakina riga da ɗankwali irin nata. Suna shiga tsakar gida yarinyar tana zaune a gindin turmi, ƙatuwa, kumatu cike da gyaɗa. Zinatu ta durƙusa ta miƙa mata hannu biyu.

Sakina ta dube ta, ta tashi da gudu ta shige bayan zanen Tasalla, ta leƙo da ido ɗaya.

"Inna, ga Amariya ta zo."

"To ki gaishe ta mana," in ji Tasalla.

"Amariya, ina wuni."

Zinatu tana durƙushe, rigar sallar a hannunta. Ta ce, "Lahiya lau."