Kotson da Aka Yi wa Wanka

"Umma, wai ke 'yar damfara ce?"

Ludayin koko ya tsaya a hannun Rauda. Ta waiwayo ta ga Surayya, 'yarta mai shekara biyar, zaune a kan tabarma da wayar uwar a cinya, ta danno wani saƙon murya. Muryar mace ce ke tashi kamar ana rabon faɗa a tasha.

"Ku yi hattara da mai sayar da gangunan nan ta Tudun Wada! A bidiyo kotso yana magana, da ya zo hannuna sai ka ce katifa ake duka. Ko ta dawo mini da kuɗina yau, ko kuwa..."

Rauda ta karɓe wayar. "Ni uwarki ce, ba 'yar damfara ba. Sha kokonki."

"To me ya sa ta ce?"

"Ba ta karya ba ne tukuna. Yunwa ke sa mutum haka."

Ta faɗa da murmushi, tana duba wayar. Ba ita kaɗai aka turo wa saƙon ba. A guruf ɗin WhatsApp na matan Zariya masu saye da sayarwa aka saka shi, mata sun fi ɗari huɗu. Shekara biyu ke nan suna haɗin gwiwa da kawunta Kailani, shi yana sassaƙa kalangu da kotso da gurmi a Tudun Jukun, ita kuma tana ɗaukar hotonsu tana nemo masu saye. Ba ta da shago, sunanta ne shagonta, kuma ga shi ana neman rufe shi da sassafe.

Mai muryar Madam Keziya ce, shugabar wata firamare mai zaman kanta a Kwangila. Ta sayi kotson ne don bikin ranar al'adu da ɗalibanta za su yi ranar Asabar. Tun wajen ciniki Rauda ta san ta haɗu da gamonta: hoto goma sha ɗaya matar ta nema, sannan ta tambaya ko akuyar da aka yi amfani da fatarta lafiyayya ce.

Rauda ta kira ta. "Madam, ina kwana? Don Allah ki kawo shi in gani. In laifina ne, ko kwabo ba zan riƙe miki ba."

Kafin ƙarfe goma sha ɗaya Keke Napep ya tsaya a ƙofar gida. Madam ta shigo da tabarau a kan hanci, farin takalminta ko ƙura babu. Ta ƙi zama, ta ƙi ruwa. Ta zaro kotson daga jaka ta dangwarar.

"Buga ki ji da kunnenki, Maman Surayya."

Rauda ta buga da tafin hannu. Fab. Ta sake. Fab. Gaskiyar Madam, katifa ce sak. Sai dai wani ƙamshi ya daki hancinta, ƙamshin sabulun wanke-wanke mai lemun tsami. Ta dubi fatar. Fara tas, kamar sabon faranti.

Ta buɗe bidiyon da ta ɗauka ranar da za ta aika kayan, don ba ta sakin ko sarewa sai ta ɗauke ta tana kuka. Ga kotson nan, da wani dunƙulen baƙi zagayayye, manne a tsakiyar fatar.

"Madam, ina baƙin nan na tsakiya?"

"Au, har kina da bakin tambaya? Dattin da kika aiko mini da shi? Awa guda na yi jiya da soson ƙarfe kafin ya fita. Yara ƙanana za su taɓa abin nan, ni ba na wasa da tsafta."

Dariya ta taso wa Rauda har maƙogwaro, ta haɗiye ta da kyar. Babban yatsanta yana kan waya. Hoto biyu kawai za ta tura guruf, na da da na yanzu, matan nan su yi wa Madam ca har Kirsimeti. Sai ta hango Surayya ta leƙo ta bayan labule, idanu waje, tana jiran ta ga yadda uwarta ke faɗa. Ta kife wayar.

"Madam, mu je wajen mai shi. Ni zan biya kuɗin keke."

Suka sami Kawu Kailani a zaurensa yana jan tsirkiyar kalangu. Ya karɓi kotson, ya juya shi, ya sunsuna.

"Ikon Allah! Rauda, wa ya yi masa wankan sallah?"

"Ni ce," in ji Madam, ta gyara tabarau. "Kuma da kun wanke shi tun farko da ban sha wahala ba."

Tsohon ya yi dariya har hularsa ta karkace. "Malama, shekara arba'in ina wannan aiki. Na ga wanda ɓera ya ci, na ga wanda jaki ya taka, amma yau na fara ganin wanda aka cuɗa. Abin da kika kankare sunansa nake. Kakin zuma ne muke haɗawa da mai mu liƙa. Shi ne harshen kotso. Kin cire masa harshe, kin ce ya gaishe ki."

Madam ta ce, "To ai ba a rubuta a jiki ba."

"Wannan kuma gaskiyarki ce," in ji Rauda da sauri. "Ni ya kamata in faɗa miki."

Kawu ya jingine kotson a rana, fatar ta sha zafi ta ɗaure. Ya ɗebo nake daga wani tsohon gwangwani, ya murza shi a yatsu har ya yi laushi, ya danna a tsakiya yana shafawa da babban yatsa. Ya rataya kotson a kafaɗa ya sauke hannu. Sautin ya fito da kauri, mai zurfi, har mai gyaran babur na tsallaken titi ya ɗago kai. Farin takalmin Madam ya fara taɓa ƙasa da kansa. Ta lura, ta tsayar da shi.

"Shi ke nan, ba ni kayana," ta ce.

Rauda ta riga ta ɗora hannu a kan kotson. "Gyara kyauta ne, Madam. Amma a gaban mata ɗari huɗu kika kira ni da wancan suna. Can za ki koma ki sauke shi."

"Ke yarinya, na haife ki fa."

"Shi ya sa ban tura hoton wankakken kotson a guruf ba, Mama."

Madam ta dube ta ta saman tabarau. Sannan ta ciro waya, ta yi gyaran murya irin ta taron iyayen yara.

"Jama'a, Madam Keziya ce. Game da maganar ɗazu, na yi bincike da kaina, na kuma gano matsalar. An warware ta a ƙarƙashin kulawata. Kayan Maman Surayya masu kyau ne, a saya. Baba, buga musu su ji."

Kawu ya buga. Ba a ambaci soso ba, ba a ce a yi haƙuri ba. Rauda ta auna, ta ga ya ishe ta, ta ɗauke hannunta. Kafin su fito titi wayarta ta fara ƙara, wata na tambayar kuɗin kalangu.

Madam ta shiga keke, ta rungume kotson a cinya, ta ciro hankici. Rauda ta ga hannun yana nufar tsakiyar fatar.

"Madam!"

"Gefe kawai zan goge," in ji ta, keken ya ja.

Kai kuma mai karatu, in ka sayi kotso a wajen Rauda ka ga baƙi a tsakiya, ka ɓoye sosonka. Kawu Kailani ya rantse wanda ya sake kawo masa wankakke, sai ya zauna ya murza naken da hannunsa, a gaban mai gyaran babur.