Kiwon da Aka Bar wa Dada

Tun ranar da Dada Suwaibatu ta fara ganin shukar nan a ɗakin Fatima Zahra'u ta ce ba ta yarda da ita ba. Shuka ce wai, amma babu ƙasa ko cikin cokali a mazauninta, sai ɓawon itace da gutsattsarin gawayi a wani kofin roba mai huji-huji. Ganyenta huɗu, masu kauri kamar harshen saniya. Saiwoyinta kuwa, maimakon su yi ƙasa kamar na kowace shuka mai tarbiyya, sai suka haura bakin kofin suka miƙe cikin iska, fari-fari, kowace ta kama gabanta. Daga tsakiya wani siririn kara ya fito ɗauke da fararen furanni.

"Mi sunan wagga aba?" in ji Dada.

"Okid, Dada."

"Ana ci?"

"A'a."

"Magani ce?"

"Kallo kawai ake yi."

"To Allah shi kyauta. Kauci ne dai ya samu gata."

Dada ba 'yar Faskari ba ce. Daga wani ƙauye ta zo can bayan Sheme, shekarar da 'yan bindiga suka kore musu dabbobi kowa ya watse. Ɗanta Abdulganiyu ya kama mata ɗaki a gidan haya, ya sai mata ƙaramar waya, ya wuce Legas neman abinci. Mutanen gidan ba su da laifi, suna gaishe ta, amma gaisuwar tsaye ce, ƙafa ɗaya a zaure. Mutum ɗaya ce take zama, ita ce Zahra'un nan ta ɗakin kusa, malamar asibiti 'yar Zariya. Kullum la'asar in ta taso aiki sai ta zube a ƙofar Dada, ta tuɓe takalmi, ta jawo kwanon kwaɗon zogale ba tare da an ce mata bismillah ba, ta yi ta zuba labarin masu haihuwa da mazajensu. Dada tana tsinke zogale da safe ne saboda la'asar ɗin nan, ko da yake ba za ta taɓa faɗa ba.

Sai aka tura Zahra'u ƙaro karatu Kaduna. Ranar tafiya, mota na jira a waje, ta shigo rungume da kofin.

"Dada, zafin mota zai kashe ta. Ga kiwo na ba ki," ta faɗa tana dariya. "Kada ki sa mata ƙasa, kada rana ta doke ta. Yayyafi kawai, in kin ga saiwar ta bushe."

Ita wasa take yi. Dada kuwa hannu biyu ta sa ta karɓa, don a inda ta fito ba a wasa da kalmar nan. Ta yi kiwon awakin mutane tun tana amarya. Akuyar kiwo ba taka ba ce, ka ci da ita, ka shayar, in ta haihu a raba yadda aka yi alkawari, in ta mutu ka shanya fatar ka ajiye wa mai ita shaida. Abin da ya fi duka, wanda ya bar kiwo a hannunka bai yi sallama da kai ba. Ko shekara nawa ya yi, sai ya tako ya zo ya ga abinsa. Shi ya sa da motar ta tashi Dada ba ta yi kuka ba, ta koma ɗaki ta nemi inda za ta ajiye amanar mutane.

Da fari lafiya lau. Zahra'u tana kira duk Juma'a, tambayarta ta farko, "Ya kiwona?" Dada ta ce, "Tana nan, ba ta aikin komi." Sannan furannin suka fara zuba ɗaya bayan ɗaya har karan ya zama tsirara, kiran Juma'a ma ya fara tsallake wata Juma'ar. La'asar ta yi wa Dada tsawo. Sai ta zauna ta sa shukar a gaba tana kallon saiwoyin nan da suka miƙo waje, kuma duk yadda ta juya abin a ranta amsa ɗaya take samu: yunwa ce. Wane ne ya taɓa ganin saiwa ta bar gida in da abinci a gidan?

Ta daure har damina ta sauka. Masara ta yi kore shar a bayan gari, har ciyawar gindin katanga ta samu rabonta, amanar Dada kuwa tana zaune a kan gawayi. Ranar nan ta ce yaran zamani da karatunsu sun yi kaɗan su koya mata shuka. Ta yafa mayafi ta je gidan Malam Gide mai awaki ta roƙo taki, ta haɗa da baƙar ƙasa mai kyau, ta cika wata tsohuwar tukunya. Ta tattara saiwoyin nan masu yawon banza ta cusa su ciki ɗaya-ɗaya, ta danne da tafin hannu, ta kwarara ruwa.

"Yawwa," ta ce. "Ci ki ƙoshi. Uwar ɗakinki ta zo ta ga yadda ake kiwo."

Safe da yamma tana ba ta ruwa. Ganyen ƙasa ya fara yin ɗorawa, ta ce sabon wuri ne. Na biyu ya yi laushi ya faɗi, ta ƙara taki. Da na uku ya saki, ta sa yatsa ta tona, sai wari ya bugo ta. Saiwoyin sun ruɓe, sun zama baƙaƙe, tana taɓawa suna salɓewa. Dada ta zauna daɓas a ƙasa ta yi kukan da ba ta yi ba ranar tafiyar motar. Ba shukar take yi wa ba. Tsoro ne ya kama ta, cewa ta kashe dalilin da zai dawo da yarinyar.

Ta zare abin da ya rage, ganye ɗaya da kara, ta wanke ƙasar tas. Ganyayen da suka faɗi ta shanya su a inuwa ta ƙulle a tsumma, shaida ke nan. Ragowar kuma ta mayar kan gawayinta ta jingine a lungun randa, don nan ne kawai rana ba ta kaiwa. Da Zahra'u ta kira ta tambayi kiwonta, Dada ta ce, "Da sauƙi," ta yi maza ta shiga zancen ruwan sama.

Ba ta ƙara yi mata komai ba sai yayyafi, shi ma a kunyace. Can bayan an yi girbi, tana ɗiban ruwa da safe, ta ga wani ƙullutu a gaɓar karan, can sama inda fure ya taɓa zama. Ta ɗauka fure ne zai dawo. Sai ƙullutun ya tsage ya fitar da ganye biyu ƙanana kamar kunnen ɓera. Bayan wani lokaci ga 'yar saiwa ta leƙo ta ƙarƙashinsu, mai koren baki.

"La'ilaha illallahu," in ji Dada. "Haihuwa kika yi? A sama? Ba iri, ba ƙasa?"

Haihuwar ce kuwa. Shuka sukutum, ƙarama, rataye a jikin karan uwarta. Hannun Dada ya yi ta ƙaiƙayi ta cire ta ta dasa, amma ta haƙura ta ƙyale ta. Saiwar ta yi ta tsawo cikin iska, ta karkata, ta lanƙwasa, har ta taɓo jikin randa inda raɓa take tsattsafowa. Nan ta kwanta ta manne, ta baje kamar an liƙa ta da ƙaro. Ta biyu ta bi ta, ta uku ta zagaya ta wuyan randar. Kafin ganyen uwar na ƙarshe ya bushe, 'yar ta kama wurinta, ba ruwanta da kowa.

Daga nan randar ta daina motsi. Dada takan durƙusa ta wanke cikinta a inda take, ta kwashe ruwan da moɗa, bayanta na ciwo tana mita. "Kin samu wuri. Ni da randata sai na nemi izini." Ta samu abokiyar faɗa, kuma ta shirya bayanin da za ta yi tsaf: uwa ta mutu, laifina ne, ga shaida, ga ɗiya. Ta san inda Zahra'u za ta tsuguna ta duba, ta san irin ihun da za ta yi. An ce karatun zai ƙare bayan Babbar Sallah, don haka Dada ta shanya zogale mai yawa.

Sallah ta wuce da 'yan makonni, wata ranar da hantsi wayar ta yi ƙara.

"Dada! Albishirinki. Na gama, kuma sun riƙe ni a nan Kaduna. An ma sa ranar bikina."

Dada ta yi barka, ta sa albarka, ta tambayi ɗan wane gari ne. Sannan ta gyara murya ta faɗi komai, tun daga takin Malam Gide har saiwar da ta rungume randa, ba ta rage ba.

Zahra'u ta yi ihun nan daidai yadda Dada ta zata, sai dai a waya. "Ta yi 'ya? Dada, shekara nawa tana hannuna ba ta taɓa yi ba! Wallahi ke ta so. Na bar miki ita halak malak, taki ce."

Dada ta miƙe tsaye. Ta dafa bango.

"Dada? Kina jina?"

"Ina jinki. Ban amshi kyautar ba."

"Kyauta ce fa na ba ki."

"Na ji, ɗiyata, Allah shi yi albarka. Amma ni kiwo anka ba ni. Mai abu ta taho ta ga abinta."

Zahra'u ta yi dariya mai daɗi, irin ta wanda ya ji tsohuwa ta yi abin dariya. "Kai, Dada, ba kya canzawa! Ki riƙe kawai. Ana kirana, zan neme ki in na samu sarari."

Wayar ta ɗauke. Dada ba ta san ta ɗauke ba, tana riƙe da ita a kunne da hannu biyu.

"Ba sai kin kwana ba," ta ce. "Ko la'asar guda ce."