Baba Yana Zuwa

Tun da aiki ya yi sanyi a shagon walda, Baban Auta ya shiga farautar abin da ke cin kuɗinsa a ɓoye. Ba manyan ne suka hana shi sakat ba. Haya ya san ranarta, kuɗin makaranta ya san nasa. Ƙananan nan ne da ake cira ba sallama, sai dai saƙo ya shigo waya: an sabunta. Ya tsani kalmar nan.

Ya fara da tashoshin talabijin, ya koma mafi arha, babban ɗansa ya yi ta kumbure-kumbure saboda ƙwallo. Ya kashe labaran wasanni da ake turo masa, ya kashe wani hasashen yanayi da bai san ranar da ya shiga ba. Saura ɗaya. Duk wata sai a gutsuri wani abu daga katin wayarsa, saƙon kuma ba ya cewa komai sai "sautin mai kira".

Akwai wani abin kuma da bai gaya wa kowa ba. Baƙin da ke kiransa kan aiki, wani lokaci kafin su faɗi abin da suke so sai su ce, "Allah ya raya maka yarinyar nan." Wani mai neman ƙofar ƙarfe har da dariya ya ce, "Ka gaida min sakatariyarka." Auta kuwa bara ta rasu, zazzaɓi ne na 'yan kwanaki, tana firamare. Ba shi da wata 'ya mace. Sai ya ce amin, tsikar jikinsa ta tashi, ya waiwaya. Ba kowa a bayansa sai tulin ƙarafa da tukunyar gas.

Ga kuma Maman Auta da sabuwar ɗabi'a. Ba ta kiransa sai daidai lokacin da ta san hannunsa na cikin safar aiki, fuskarsa a rufe, wuta na tartsatsi. Kafin ya cire safar wayar ta katse. In ya bi kiran sai ta ce, "Lafiya lau. Hannuna ne ya taɓa."

Mai fentin da suke raba shagon ya sa shi gaba da tsiya. "Kai dai ka ji daɗinka. Ni tawa ba ta kirana sai gas ya ƙare."

Ba ya dariya. Tsoro yake ji kada baƙin ciki ya fara taɓa mata kai.

Wata rana da hantsi ya ajiye aiki ya tafi ofishin kamfanin waya. Ma'aikaciyar ta duba lambarsa a kwamfuta.

"Baba, abin da masu kiranka ke ji ne kafin ka ɗauka. In sa maka ka saurara?"

"Na bar aiki a bayana, 'yata. Waƙa ce ko mene ne, cire kawai. Abin da ban taɓa ji ba in yi ta biya?"

"Ai kai ba za ka ji ba, tunda ba ka kiran kanka." Ta danna. "Shi ke nan. Kuɗin da aka cira zai kai ka gobe da rana, daga nan a goge shi."

Da yamma suna cin abinci ya ba su labari, har da ɗan alfahari. Ya ce yau ya toshe ramin ɓera na ƙarshe.

Maman Auta ta ajiye cokali. "Me ka ce ka cire?"

"Wani sautin mai kira. Shirme ne."

Babban yaron ya sunkuyar da kai, ya daina tauna. Ita kuwa ta tashi ta ɗauko wayarta, ta miƙa masa.

"Kira kanka."

"Kamar yaya in kira kaina?"

"Ka kira dai. Kuma kar ka ɗauka."

Ya danna lambarsa, ya kara a kunne. Wayarsa ta fara ruri a aljihun rigarsa, a kan ƙirjinsa. A kunnensa kuma wata 'yar murya ta yi gyaran murya irin na manya.

"Salamu alaikum. Baba yana zuwa, hannunsa ne da datti. Ku ɗan jira, kar ku kashe."

Sai dariyar nan tata mai shaƙewa. Can daga nesa kuma muryarsa ce, a gajiye: "Auta, ajiye min wayar nan!" Shiru kaɗan, ta sake daga farko.

Ya ji har kiran ya katse. Ya sake dannawa.

"Ni na taya ta sa shi," in ji yaron, murya ƙasa-ƙasa. "Ta ce kar a gaya maka, sai ka gano da kanka. Bayan rasuwar na kasa faɗa."

Ya dubi matarsa. "Ke kuma ki ce min hannunki ne ya taɓa?"

"Kullum kana ce min in yi haƙuri. Kunya nake ji ka ce ban haƙura ba."

Abincin ya huce a gabansu. Shi dai abin da ke masa yawo a kai muryarsa ce, da tsawar da ya daka mata a kan wayar da ba ma sabuwa ba ce.

Washegari mai gadi ya tarar da shi a bakin ofishin kamfanin, ba a ma buɗe ba. Ma'aikaciyar ta gane shi.

"Baba, wani ne kuma za a cire?"

"Na jiya. Mayar min da shi. Yana nan dai ko?"

Ta daɗe tana kallon kwamfutar, shi kuma yana riƙe da bakin kantar kamar zai karya ta.

"Yana nan. Ka zo a kan lokaci."

Kafin ya fita saƙon ya shigo: an sabunta. Ya tsaya a ƙofa ya karanta shi, ya sake karantawa, har wanda ke bayansa ya ce a ba shi hanya.

Da rana yana shago, ba ma walda yake ba, zaune yake hannunsa tsaf, wayar ta fara ruri a kan benci. Ya dube ta bai motsa ba.

Mai fenti ya leƙo. "Malam, ɗauka mana, ta gida ce."

"Ƙyale ta," ya ce. "Ba da ni take magana ba."