Sunan Malama Talatu a Kan Kowace Cigiya

A Gazawa aka yi wannan, shekarar da sojoji suka ce za su mayar wa farar hula mulki, gari ya cika da tutocin jam'iyyu har a jikin amalanke.

Malama Talatu ta bar koyarwa a lakol, wato makarantar boko, amma irinta ba ta iya zama haka kawai. Ita da wasu manoma suka kafa ƙungiya, suka buɗe shafin cigiyar dabbobi a intanet, kyauta. In sanka ya ɓata, ka rubuta launinsa da irin yankan kunnensa. Wanda ya gan shi sai ya faɗi inda yake, ya sa sunan da ya ga dama.

To akwai wata mai rubutu da sunan Ta-Bakin-Rijiya. Ita ta tona cewa wani jan sa mai tsagaggen kunne da ake cigiya yana garken bayan gidan Ɗan Azumi, dillalin shanu. Jandarma suka je suka iske shi kwance yana tuƙa. Ɗan Azumi ya rantse saye ya yi a ƙetaren iyaka, aka ƙyale shi, shi kuwa bai ƙyale ba. Talatu kaɗai ta san mai sunan. Marwa ce, matar ƙanen Ɗan Azumi, gidansu ɗaya.

Ana haka sai ga doka, wai don hana ƙazafi lokacin zaɓe: duk shafin da jama'a ke rubutu, kowa ya nuna katin ɗan ƙasa, sunansa na gaskiya ya hau kan maganarsa, sabuwa da tsohuwa.

Marwa ta zo da ƙwaryar fura kamar mai talla, ta durƙusa.

"Inna, in Ɗan Azumi ya sani, ni da 'ya'yana mun gama kwana a gidan nan."

"Tashi ki dama mani fura," in ji Talatu. "Ba a yi komai ba tukuna."

Ƙungiya ta kai ƙarar dokar gidan shari'a a Agye. Ranar zama, Talatu ta iske Ɗan Azumi a gindin itacen bedi, ya sha babbar riga, ba kuwa wanda ya kira shi.

"Malama, yau za mu ga fuskar munafukinki."

"Alhaji, wani san ne kuma ya ɓata ka zo bayani?"

"Yi ta baki. Ko uwarmu ɗaya da shi, sai ya bar garin nan."

A ciki Talatu ta gaya wa alƙali ba riba suke ci ba, kuma wanda ya ga dabbar sata kusan kullum maƙwabcin ɓarawon ne, in an sa sunansa an ɗinke bakinsa. Alƙali ya saurara sarai, ya ce dokar ba ta ware kowa ba. Ɗan Azumi ya yi gyaran murya har na waje suka ji.

Talatu ba ta zauna ba.

"Ranka ya daɗe, in mutum ɗaya ne kaɗai ke rubutu a shafin fa?"

"Sunansa kaɗai ake buƙata. Amma duk ƙarar da ta taso, kansa za ta faɗa."

"Na ji."

Tana komawa buron ƙungiya, wato ofishinsu, ta goge tsoffin rubuce-rubuce kaf, ta rufe wa kowa ƙofar rubutu. Mai labari yanzu sai ya raɗa mata a kasuwa ko wurin suna, ita ta rubuta. Abin bai zo mata da sauƙi ba. Dillalai suka daina amsa gaisuwarta, aka farfasa mata randunan ƙofar gida, biyu daga cikin manoman suka zame daga ƙungiya.

Ran kasuwa sai ga sabuwar cigiya: farar saniya mai karyayyen ƙaho tana garken Ɗan Azumi. A ƙasa, Talatu Abdurrahaman, ga lambar katinta.

Ya zo ƙofar gidanta yana huci. Marwa ta wuce ta bayansa da ƙwarya a ka, ko kallonta bai yi ba.

"Wa ya gaya maki?"

"Ba ka iya karatu ba ne? Suna na nan a ƙasa."

"Wallahi sai na maka ki gaban alƙali."

Talatu ta gyara zama a kan tabarma.

"Motar Agye da hantsi take tashi. In ka riga ni, riƙe mani kujerar gaba, gwiwata ba ta son baya."