Sule Sha Huɗun Igiyar Rijiya

"Ni za ka gaya wa doka, Hamajoɗa? Ni da na goye ka kana yi mini fitsari a baya?"

Gogo Aishatu ke nan, ta riƙe ƙugu a tsakiyar ofishin kasuwar Jimeta. Hamajoɗa mai karɓar kuɗin rumfa, ɗan wanta, sai gyara hula yake yi kamar hular ce ta yi laifin.

Ga yadda abin ya faru. A da, in igiyar rijiyar kasuwa ta tsinke, sai Hamajoɗa ya ɗebi kuɗi cikin abin da ya tara ranar, ya sayo wata kafin azahar. Da aka yi jiha sai umarni ya zo cewa ko kwabo aka karɓa a zuba shi baitulmali ɗaya, can Maiduguri. Mai son kashe wani abu ya rubuta ya jira. Igiya ta tsinke, aka rubuta, sati biyar shiru. Masu kunu da masu tuwo suka gaji da sayen ruwa, suka yi karo-karo sule sha huɗu, suka damƙa wa Gogo, ita kuma ta ba Hamajoɗa ya sayo. Shi kuwa uban mantuwa ya ajiye a kan tebur ya tafi salla. Apollos akawu, sabon fita makaranta, ya ga kuɗi a teburin gwamnati, ya yanka musu rasit, ya haɗa da na rumfuna. Washegari kuɗin suka bi mota zuwa Maiduguri.

Hamajoɗa ya ce, "Gogo, ki yi haƙuri. Kuɗin nan ba su ɓata ba, suna wuri mai tsaro."

"Tsaron me? Sun fi ni yawo! Ni ko Girei rabona da ita tun bikin Yelwa."

Apollos ya ɗago kai daga takardu. "Mama, tsarin yana da kyau fa. Da can kowa da aljihunsa, ba a san abin da ya shiga ba."

"Yanzu an sani, ko? To Magdalena mai kunu ma ta sani. Ta zagaye kasuwa tana cewa da kuɗin igiya na ɗinka zanen nan. Zanen da ya girme ka!"

Abin da ke cin ranta ke nan. Shekara talatin mata na ba ta ajiya, ba a taɓa ɗaga mata gira ba, yau in ta wuce sai a yi tari.

"Tashi mu je ka faɗa musu da bakinka," in ji ta.

Hamajoɗa ya tuna matan nan da ludayoyinsu, ya sake nutsewa cikin kujera. "Lokacin aiki ne, Gogo."

"Kai fa, malam akawu?"

"Ni ba na barin littafin rasit, Mama."

"Ashe nan sule sha huɗun suke a rubuce?"

"Shafi na tara."

Ai kafin ya rufe baki ta fizge littafin, ta cusa shi cikin zane, ta ɗaure tam.

"Mama! Kayan gwamnati ne!"

"Zo ka cire."

Apollos ya miƙo hannu, ya dubi inda littafin yake, ya mayar da hannun aljihu.

"'Yar Magdalena tana aji shida, ita za ta karanta wa uwarta a gaban kowa. Mai son abinsa ya same ni bakin rijiya."

Ta fice, ta buga ƙofa har kalanda ta faɗo daga bango.