Ƙasa Iri Goma Sha Ɗaya

Rikoda ɗaya, batir takwas, fom kwafi arba'in, maganin hawan jini na Kawu, turaren Inna, da littafin Farfesa mai jan bango. Abin da ke cikin jakar Dakta ke nan lokacin da mota ta tsaya a mararraba, direba ya sauka zuba ruwa. Bai zama dakta ba tukuna, 'yan gida ne suka laƙaba masa tun shekarar da ya tafi karatu waje. Digirin na jiran babi ɗaya, babin kuma na jiran bakin Kawu.

Kawu mahaƙin rijiya ne, shekara hamsin a rami. Tun Dakta na yaro yake ganinsa yana ɗora ƙasa a harshe, ya kira sunanta, sannan ya ce a ci gaba ko a fito. Iri goma sha ɗaya ya sani. Sai wani farfesa ya zo da fom mai gurbi uku, ya kwana biyu, ya koma ya buga littafi: yashi, yumɓu, marmara. Da hoton Kawu a shafi na tara. Ɗansa Auta ya yi ta karanta masa shafin duk ranar da aka yi baƙi, har Kawu ya haddace.

Dakta ya same shi a kan tabarma, idanu sun yi fari, hankali na zuwa yana komawa. Bayan gaisuwa ya kunna rikoda.

“Kawu, ƙasar rijiya iri nawa ce?”

Tsohon ya gyara zama. “A wajen mahaƙan gargajiya, ƙasa ta kasu kashi uku.”

“Ba ta littafi ba, Kawu. Taka.”

“Kashi uku. Yana nan a rubuce.”

Kwana huɗu ana abu ɗaya. Inna, matar Kawu, tana bakin ƙofa tana tsintar wake.

“Kai naka fom ɗin gurbi nawa ne, ɗan nan?”

“Biyar, Inna.”

“Madalla. An samu ƙari. In jikanka ya zo sai a cike.” Ta hure ƙaiƙayi. “Auta ma da ukun ya shiga rami.”

Dakta ya sani. Shekara uku ke nan da rijiyar bayan makaranta ta rufta da Auta a zurfin gaba tara. Yumɓu ne, in ji littafi, kuma yumɓu ba ya ruftawa.

Da safe ya tafi can ba rikoda. An cike ramin, amma tarin ƙasar da aka fitar na nan, ciyawa ta rufe shi. Ya tona, ya ɗebo dunƙule a hankici. Da ya dawo Inna na wanki. Bai tambayi Kawu komai ba, ya ɗora masa ɗan gutsure a leɓe.

Kawu ya tsotsa. Ya tofar. Sai ya yunƙura da ƙarfin da ba a san yana da shi ba.

“Mai-gumi ce! Wa ke ƙasa? Ku ja igiya! Auta, bar digar, fito! Auta!”

Ya yi ta laluben igiya a bango har farcensa ya fashe. Inna ta shigo da kumfa a hannu, ta rungume shi, tana cewa an fito da shi, an fito da shi. Sai wajen azahar ya yi shiru.

Dakta na tsakar gida. Ya riga ya rubuta a bayan fom: mai-gumi, ta huɗu. Yana lissafin rijiyoyin da Kawu ya haƙa a unguwa, da hankici nawa zai buƙata.

Inna ta fito ta dubi takardar, ta dubi ƙasar da ke yatsunsa.

“Saura bakwai, Inna. In ya tafi da su, wani zai sake shiga da uku.”

“Na ji. Wancan farfesan ya zo ya ɗauke masa baki, na yi shiru, har na dafa masa abinci. Kai kuma ka zo tono.”

“Sau bakwai ne kawai.”

Ta miƙa masa jakarsa, har da turaren da ba ta buɗe ba. Ta koma ɗakin, ta jawo ƙofa, ta sa sakata. Daga ciki ya ji muryarta.

“Ɗana sau ɗaya ya mutu, yau ya zama biyu. Sauran bakwai ɗin da su za a binne kawunka.”