Makirufon da Aka Manta a Wuyan Umma

Aikina tace fim ne. Mutane su ɗauko hoto na awa arba'in su jibge mini, ni kuma in zauna a ɗaki mai taga ɗaya in mayar da shi awa ɗaya da rabi. Shekara tara ina wannan sana'a, kuma yawancin abin da ke biyowa ta hannuna finafinan da ake kaiwa bikin baje koli a ƙasashen waje ne, irin waɗanda a gida ba mai kallonsu. Na san su kamar yunwar cikina. Tsohuwa a bakin taga, ɗa ya tafi bai dawo ba, jam'iyya ta faɗi, hoton ɗan takara ya koɗe a jikin bango. Alƙalan can suna son shiru. In ka ba su shirun minti biyu sai su ce zurfin tunani ne, alhali sau da yawa mai kyamara ne ya manta bai kashe ba. Na daɗe da daina kuka a kan baƙin cikin mutane, sai dai in auna shi da daƙiƙa in yanke.

Da Yaya ya ce zai yi fim a kan Babanmu, sai na gane gaskiyar masu cewa wanzami ba ya son jarfa. Baba shugaban ƙungiyar ma'aikatan jirgin ƙasa ne. Bayan wani yajin aiki, wasu mutane suka zo da safe a mota marar lamba, suka ce tambaya biyu za su yi masa. Ina da shekara bakwai, Yaya sha biyu. Yau shekara ashirin da uku ke nan. Gwamnati ta canza sau uku, abokan gwagwarmayarsa wasu sun mutu, wasu sun yi tumbi a manyan ofisoshi, mu kuwa ba takarda ba kabari. Umma kullum cewa take, "idan Babanku ya dawo," mu ma muka tashi a kan haka.

Kwana shida Yaya ya yi yana ɗaukar Umma a falonta, bai samu komai ba. Duk tambayar da ya yi, sai ta gyara mayafi ta ce sai haƙuri. A rana ta huɗu aka tashi cin abinci, ta shiga kicin ita da ƙanwarta, wadda muke kira Inna. Mai ɗaukar sauti ya manta bai cire ɗan makirufon da ya maƙala mata a wuyan riga ba, na'urarsa kuma tana ta ɗauka.

Ni kuma ɗabi'ata ce in saurari kowane sauti har ƙarshe, ko da babu hoto a tare da shi. Wata Talata da hantsi ina zaune da abin ji a kunne, na ji ƙarar famfo, na ji cokali a tukunya, sai muryar Inna ƙasa-ƙasa tana tambayar har yaushe za a yi ta ɓoye wa yaran nan. Umma ta ce ba ta sani ba. Daga nan ta shiga maganar kamar mai maimaita abin da su biyun suka daɗe da sani. Wata uku da tafiyar Baba wani gandiroba ya zo mata a ɓoye, ya ce da hannunsa ya binne shi a bayan gidan yari, ya roƙe ta don Allah kada ta faɗa wa kowa, in maganar ta fita shi ma kashe shi za a yi, ga shi da 'ya'ya biyar. Minti huɗu duka maganar. A haka na ji mutuwar mahaifina, ga kofin shayi ya huce a gabana.

Na kira Yaya ya saurara. Ya zauna a ƙasa ya yi kuka kamar yaro. Bayan kwana uku mai fim ɗin da ke cikinsa ya farka, ya ce a sa maganar a tsakiyar fim, allo baƙi ƙirin, muryar kawai. Na sa, domin ni ma na san nan ne zuciyar fim ɗin, kuma na ji kunyar sanin. Muka aika gwajin fim ɗin, wani babban biki ya karɓa, suka rubuto doguwar wasiƙa suna yabon waɗannan mintuna huɗu.

Wata biyar muka yi muna zuwa gidan Umma, mu ci abincinta, ta ce idan Babanku ya dawo, mu sunkuyar da kai. Na gaji. Gajiyar kuwa ba ta rashin barci ba ce.

Ranar Alhamis ce ranar ƙarshe ta aika cikakken fim. Na ce wa Yaya ba zan fitar da shi daga kwamfuta ba sai Umma ta ji. Ya ce in ta ji za ta hana, a bari a nuna a can tukuna, wa zai kawo mata labari daga ƙasar da ko sunanta ba ta iya faɗa ba. Na ce zancen duniya ba ya ɓuya, waya ɗaya ta isa, kuma ba zan yarda mutum ɗari shida su san sirrin uwata kafin ita ta san ya fita ba. Muka yi ta ja har ya ce ni dai ba na son ci gabansa. Daga baya ya faɗi gaskiya, ba zai iya haɗa ido da ita ba ne. Ranar Laraba da la'asar ya kai ni a motarsa, ya faka a ƙofar gida, ya ce zai jira a cikin motar.

Na tarar da Umma tana ninke wanki a kan doguwar kujera. Muka gaisa, ta tambayi Yaya, na ce yana waje yana waya. Na ɗora kwamfuta a kan ƙaramin tebur, na ce akwai abin da nake so ta ji. Sannan na danna.

Da ta ji ƙarar famfon nata sai ta ajiye zanin da ke hannunta. Ba ta ce in tsayar ba. Ta saurara har ƙarshe tana kallon baƙin allon, sannan ta kai hannu wuyan rigarta ta shafa.

"Tun yaushe kuka sani?"

"Wata biyar, Umma."

"Wata biyar kuna zuwa kuna kallona ina yi muku ƙarya."

"Mu shekara ashirin da uku muka yi muna jiran ƙofa."

Ban taɓa mayar mata da magana haka ba, kuma na yi nadama tun kafin in rufe baki. Amma haushi nake ji, haushinta da na Yaya da na kaina. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce da farko don ran bawan Allahn nan ta yi shiru. Daga baya ta ga muna karatu da ƙarfin cewa Baba zai dawo ya ga sakamako, sai ta kasa karya mana gwiwa. Gandiroban ya rasu shekara huɗu da suka wuce, labari ya iso mata, ta yi niyyar faɗa sau ba adadi, sai ta rasa ta ina ake fara maganar da ta yi wannan daɗewar.

Na ce mata fim ɗin gobe zai tafi, kuma kalma ɗaya za ta faɗa in cire wurin, ko Yaya zai daina yi mini magana har abada. Ta tambaya mutum nawa za su zauna su ji. Na faɗa mata. Ta tambaya me suke yi in an gama. Na ce tafa hannu suke yi, wani lokaci su miƙe tsaye. Ta ɗan murmusa, irin murmushin da ya fi kuka ciwo, ta ce duniya da abin mamaki take.

Ta shafa kan wata riga da tafin hannu, sannan ta yi magana.

"Bar shi a ciki. Mutumin nan an binne shi ba shaida, gara a ji an kashe shi, ko a bakina ne. Amma je ki kira yayanki, na san yana mota yana jin tsoro."

Na miƙe, sai ta riƙo hannuna.

"Kafin baƙi su tafa mini, ina so ku fara yi mini gaisuwa. Mijina ya mutu, kuma har yau ba wanda ya shigo ɗakin nan ya ce mini ya haƙuri."

Ban iya zuwa kiran Yaya ba. Na durƙusa a gabanta a kan tabarma, na riƙe gwiwarta, na ce, "Umma, ya haƙuri? Allah ya jiƙan Baba."

Ta ɗora hannunta a kaina.